Shekarar da Na Sake Goya Rikoda

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ba ni mijin nan kuma ya karɓi abinsa. Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba, don haka bakina ke faɗa, hannun 'yata Rabi ke rubutawa. Na ce mata duk inda kuka ya ci ƙarfina ta ajiye biro ta jira ni, amma kada ta ce in yi haƙuri, don haƙurin nan na yi shi har ya gaji da ni. Tun da na fita takaba nake son a rubuta wannan, saboda ku 'ya'yana da jikokina kun riƙe labarin kaset ɗin nan ta wutsiya. Wasunku na cewa wani ɗan iska ne a cikin taro ya ɓata wa Babanku waƙarsa. Wasu na raɗa cewa tsufa ne ya taɓa ni ranar da aka gan ni da goyo a wurin kiɗa. To ku zauna ku ji yadda aka yi.

Babanku, Allah ya jiƙansa, tun yana saurayi a Kaduna yana aikin masaƙa kunnensa ya kamu da kiɗan da ake kira rok, wanda ake yi da jita mai lantarki da ganguna a jere, ƙara kamar hadari ya taso daga gabas. Bayan yaƙin basasa ne, lokacin da samari suka tara gashi, ƙafar wando tana sharar ƙasa. Akwai wasu samari huɗu da ke wasa a wani ɗakin silima duk Lahadi bayan la'asar. Sunan ƙungiyarsu na Turanci ne, harshena bai taɓa iya shi ba, ni Masu Gashi nake ce musu, har shi ma ya koma kiransu haka. Ba su taɓa samun wanda zai buga musu faifai ba. In ka je ka ji, in ba ka je ba iska ta tafi da shi. Wannan ne ya hana Babanku sukuni, ya je ya sayo wata rikoda shimfiɗaɗɗiya mai cin batir, don ya riƙa ɗaukar kiɗan daga cikin taro. Sai dai masu ɗakin sun hana. An sha lalube shi a ƙofa a koro shi, ya dawo gida da rikodar a hammata, fuska kamar an yi masa mutuwa. Ranar nan ina tankaɗe ya shigo haka, na tambaye shi su wa ake lalubewa a ƙofar.

"Kowa da kowa, Asabe. Har hula sai an cire."

"Har mai goyo, Malam?"

Ya tsaya yana kallona, ya kalli rikodar, sannan ya fashe da dariya har ya zauna cikin garin da na tankaɗe.

Lahadin da ta biyo na naɗe rikodar da tawul, na goya ta, na ɗaure da majanyi, na kifa mata hular jarirai mai sharara daidai inda take jin sauti, na yafa mayafi. Masu ƙofa suka dare, ɗaya har yana cewa a ba mai jego hanya. Aikin yana da dokokinsa, Babanku ne ya kafa su. Wurin tsayuwa gefen hagu ne, nesa kaɗan da babbar sifika, inda ganga ba ta danne jita. Mai goyo ba ta magana, ba ta tari, ba ta tafi. Kuma tunda kunnen rikodar yana bayana, dole in juya wa dandamali baya. Ku gane wannan da kyau: na yi shekaru ina zuwa wasan Masu Gashi, ban taɓa ganin yadda suke kaɗawa ba. Fuskokin mutane nake kallo. Na san inda jita za ta hau sama daga yadda bakunan samari ke buɗewa. Shi kuma Babanku yana tsaye a bayana, in lokacin danna maɓalli ya yi ko juya kaset, sai ya sa hannu cikin mayafin yana cewa "yi shiru, yi shiru, ɗan Baba," kamar mai lallashi. Lokacin Allah bai ba mu haihuwa ba tukuna. Wani lokaci in mata suka tambaye ni lafiyar jinjiri sai in ce lafiya lau in kawar da kai, amma ina shiga ɗakin nan ganga ta buga, sai in manta.

Akwai waƙa ɗaya da ya fi so, ni waƙar jirgin ƙasa nake ce mata, don gangar tana tafiya kamar jirgi ya bar tasha. Sabuwa ce, ranar farko da suka kaɗa ta muna wurin. Mai jita ya ja ta, ya ja ta, ya fara hawa, duk ɗakin ya ɗauke numfashi, sai na ji ƙat a bayana. Kaset ya ƙare. Babanku ya ruɗe, ya duƙa yana kiciniyar juyawa, kaset ya suɓuce ya faɗi tsakanin ƙafafun mutane, kafin ya lalubo shi an gama ana tafi. Bai ɗauka ba, kuma shi kansa bai ji ba, hankalinsa na ƙasa. Muka ce sai wani satin. Wani satin na kwanta laulayi, cikin yayanku ne. Kafin in sami kaina Masu Gashi sun yi rigima sun watse, kowa ya kama gabansa.

To wannan guntuwar waƙar ita ta raine ku. Da Babanku ya koma tuƙi a ma'aikatar gwamnati aka kwaso mu zuwa Abuja, muka zauna a Kubwa tun tana daji, akwatin kaset ɗinsa shi ya fara shiga mota kafin tukwanena. Kullum in ya sa waƙar jirgin ƙasa, aka zo inda take yankewa, sai ya murɗa baki ya ci gaba da fito, ya ƙarasa ta da ƙarshen da ya ƙirƙira da kansa. Ya hau, ya sauko, ya yi wani lanƙwasa sau biyu, sannan ya dire. Surukata, Allah ya jiƙanta, in ta zo ta ji sai ta ce ya daina kira mana shaiɗanu cikin gida. Ya ce, "Inna, shaiɗanun nan sun san ni, ba sa zama." Yana wankin mota yana yi, yana aske gemu yana yi, ranar da aka kai Rabi ɗakin miji ya shiga bayan gida ya yi shi a hankali don kada a ji muryarsa na rawa. Ni na ji.

Shekarar da nake son ba ku labari, ita ce shekarar da ɓarin jikinsa ya shanye. Ya tashi alwalar asuba ya faɗi. Allah ya bar mana shi, hankalinsa garau, magana tana fita da ƙyar amma ana ganewa. Abin da ciwon ya ɗauke shi ne fito. Bakin ya karkace, in ya hura sai iska kawai. Na sa masa kaset, aka zo wurin yankewa, ya gwada, ya sake gwadawa, sannan ya juya fuska bango. Daga ranar ya hana a sa waƙar. Gidan nan ya yi tsit, ban san fiton nan ne ke riƙe da shi ba sai da ya tafi. Dakata, Rabi.

To. Ana nan wata safiya ina ba shi kunu, rediyon da ke gefen gadonsa ya yi sanarwa cewa tsofaffin makaɗan nan Masu Gashi, uku da suka rage a raye, sun shirya, za su yi wasa sau ɗaya a wani lambun shaƙatawa cikin gari, da yamma. Ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya har kunun ya zube.

"Asabe. Majanyi."

"Malam, ka san shekaruna kuwa?"

"Nawa ya tafi," ya ce, yana nuna bakinsa. "Ina son in ji nasu."

Na tashi na nemo majanyin. Mutum ya rasa ƙarshen da ya yi wa kansa, yana neman na gaskiya kafin ya tafi, me zan ce masa?

Rigimar daga yayanku ta zo. Ba zan kama sunansa ba tunda ɗan fari ne; Rabi, rubuta Darakta, yadda Babanku ke tsokanarsa tun kafin a ba shi kujerar. Kun san shi, mutum ne mai kamun kai, sahun farko a masallaci, 'ya'yansa ko fito suka yi a gida sai ya zare musu ido. Ya zo da yamma daga ofis, ya durƙusa gaban gadon.

"Baba, in dai waƙa ce, zan sa a ɗauko maka a waya. Tas za ta fito, ta fi kaset."

"Waya ba ta san inda ake tsayawa ba."

"To Hajiya fa? A ganta a wurin kiɗa? Matan Islamiyya su ji, mutanen ofis ɗinmu su gani?"

Ni ba na sa-in-sa da shi, kunya ta hana. Na juya wajen Rabi na ce ta gaya wa yayanta cewa tun kafin a san za a yi ofis ɗinsu nake zuwa wurin kiɗa, kuma da mijina nake zuwa, yanzu ma shi ya aike ni. Rabi ta juya ta maimaita masa kalma da kalma, alhali yana zaune kusa da ni ya ji komai. Babanku yana ta dariya da rabin baki. Daga ƙarshe Darakta ya ce zai kai ni a mota, ya ajiye ni, amma ƙafarsa ba za ta taka ciki ba. Rabi ce za ta tsaya a bayana ta danna maɓalli. Ita ta samo mana sabon kaset wurin wani mai tsofaffin kaya a kasuwar Masaka, Babanku ya koya mata dannawa da juyawa har ta iya ido rufe.

Ranar wasan na yi goyona a gida, Babanku na kallo yana ba da umarni, a ɗan ɗaga, a ɗan sassauta. Hular jikata na ara. Na ce masa zamani ya canja, wataƙila ba a hanawa yanzu. Ya ce masu ƙofa ba sa canjawa. Muka isa, muka zauna cikin mota muna jiran Rabi, wadda za ta taso daga asibitin da take aiki. Sai ga wayarta: cunkoson Nyanya ya riƙe ta, wata babbar mota ta kwanta a hanya, ko gaba ko baya. Daga cikin lambun na ji an fara gwada ganga. Na dubi gilashin gaba na ce, kamar da gilashin nake, hannuna ba ya kaiwa bayana. Darakta ya cire hularsa ya mayar. Sannan ya ce "Innalillahi," ya buɗe ƙofa ya fito.

A bakin shiga wani ƙaton saurayi ya tare mu, Hausarsa irin ta nan garin.

"Mama, yaro ba shiga. Ƙara ya yi yawa, kunnen yaro zai lalace."

Ka ji, a Kaduna goyo ke buɗe ƙofa, a Abuja shi ke rufe ta. Darakta ya sunkuya ya ce masa a hankali ba yaro ba ne, rikoda ce. Saurayin ya ɗaga hular ya leƙa, ya saki baki, ya kira abokan aikinsa su zo su gani.

"Oga, me ya sa an ɓoye? Kowa ciki yana ɗauka da waya! Mama, kwance shi ki riƙe a hannu."

Na ce masa ba a riƙewa a hannu, haka ake yi. Suka buɗe mini hanya suna tafi, ɗaya ya biyo ni da kujera, na ce ya mayar.

Na sami gefen hagu, na auna nisan sifika da kunnena, na juya baya. Amma kafin in juya na saci kallo sau ɗaya. Masu Gashi, babu mai gashi ko ɗaya. Kawuna uku suna ƙyalli, mai jita a zaune kan kujera, sandarsa jingine kusa da shi. Dariya ta taso mini na danne. Da suka fara kuwa, wallahi hannuwan nan ba su tsufa ba. Gabana ga fuskoki kamar da, sai dai yanzu masu furfura ne da jikokinsu, Hausawa da Yarbawa da Inyamurai da mutanen Filato, wayoyi a sama kamar ana roƙon ruwa. Wata mata mai gwaggwaro tana rawa tana share hawaye. Ni kaɗai ce na ba makaɗa baya, mutane suna kallona suna taɓa juna. Darakta na bayana ya ƙame kamar soja. Na gaya masa tun a mota cewa in na ɗaga yatsa ya juya kaset zuwa sabon gefe, kuma ya sa ido kada ya ƙare, don ba za a yi mana sau biyu ba.

Rana ta yi sanyi, sai na ji gangar nan ta taso, jirgi ya bar tasha. Na ɗaga yatsa. Na ji hannunsa cikin mayafina, ya juya, ya danna. Ya sunkuyo da kansa daidai kafaɗata yana leƙen kaset ɗin ta gefen hular, don ya tabbata yana juyawa. Waƙar ta tafi yadda na san ta, kowace gaɓa. Mai jita ya ja, ya fara hawa, bakuna suka buɗe a gabana. Aka zo daidai wurin da tsohon kaset ke yankewa, na ce a raina yau dai za a ji. Sai na ji fito a kunnena. Ƙarshen Babanku ne, da hawansa da saukarsa da lanƙwasar nan sau biyu, da ƙarfi, daga bakin da ke manne da hular rikoda. Darakta ne. Bai san yana yi ba. Tun yana cikin zane duk inda waƙar nan ta kai nan abin da ke biyowa ke nan, bakinsa ya tafi da kansa. Mai goyo ba ta magana. Na taka masa ƙafa, bai ji ba. Na sake takawa, ya matsar da ƙafar ya ci gaba. Ni kuwa rabona da jin fiton nan tun kafin ciwo, hawaye ya wanke mini fuska, ina kuka ina dariya ba sauti. Abin da mai jita ya kaɗa a lokacin, ko da za a yanka ni ban sani ba. Sai da aka ɓarke da tafi Darakta ya farga, ya rufe bakinsa da hannu biyu.

A mota, da muka hau titin Kubwa, Darakta ya sauke murya.

"Hajiya, na ɓata."

Na dubi taga na ce, a dai kai wa mai shi.

Muka tarar Babanku ya sa an jingina shi da filo, an sa masa hula. Rabi ma ta iso. Darakta ya durƙusa zai fara bayani, Babanku ya ɗaga hannu, ya ce a sa. Da farko yana gyaɗa kai, ya ce na tsaya daidai, ganga ba ta danne jita ba. Aka zo wurin, ya rufe ido, ya riƙe numfashi. Fito ya cika ɗakin, jitar tana can ƙarƙashi kamar kukan sauro. Ya buɗe ido. Ya dube ni, na nuna masa da haɓa. Ya dubi ɗansa, babban mutum da furfura a gemu, durƙushe kansa a ƙasa. Sai kafaɗarsa ta fara rawa. Muka zaci kuka ne, ashe dariya ce, irin wadda rabonmu da ita tun kafin ya faɗi, har da tari, har Rabi ta kawo ruwa.

"Darakta," ya ce da ya sami numfashi, "lanƙwasa ta biyu, ka yi sauri. Mayar a sake."

Aka mayar, aka sake mayarwa, har aka kira isha.

Abin bai tafi a banza ba, kada ku ce na ɓoye. Hotona da goyo ya zaga wayoyi. Matan Islamiyya suka sauke ni daga shugabancin da na daɗe a kai, akwai wadda har yau in mun haɗu a kasuwa sai ta duƙa tana duba tumatir. A ofis an daɗe ana tambayar Darakta lafiyar ƙaninsa na goye. Da aka sa kaset ɗin a intanet wurin masu tara irin waɗannan ɗauke-ɗauken na cikin taro, an ce har daga ƙasashen waje ana tsine wa mai fiton. To ga mai fiton na nuna muku, ku daina cewa ɗan iska.

Bayan kwana kaɗan Rabi ta samo wani ɗaukan na waya daga wanda ya tsaya can gaba, tas, babu fito. Ta kawo da murna ta ce, "Baba, ga na gaskiyan." Ta kai yatsa za ta danna, ya dafe wayar da hannunsa mai lafiya.

"Bar shi, Rabi. Na riga na ji ƙarshenta."

Daga nan duk Juma'a in Darakta ya taso masallaci sai ya biyo, ya rufe ƙofar ɗaki don kada 'ya'yansa su ji, a sa tsohon kaset na Kaduna. In an zo wurin yankewa Babanku ya ɗaga yatsa, shi kuma ya ɗauka. Ina tsakar gida ina jin su, uban na gyara masa, ɗan na cewa "to Baba, a sake." Haka suka yi har damina ta faɗi, Allah ya karɓi abinsa wata safiya, kansa a cinyata.

Na wayar yana nan wurin Rabi, ban hana kowa ba, wanda ke so ya saurara. Ni dai ban saurara ba, kuma ba zan saurara ba. Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya sada ni da shi inda ba a rabuwa. Rabi, rufe littafin nan, idona ya cika.